Awa Shida a Filin Ajiye Motoci

Ina tsaye a tsakiyar filin makaranta ina ƙirga kawuna wayata ta fara rawa a aljihu. Ban ɗauka ba. A hannun damana ɗalibai arba'in da ɗaya ne, sun ɗaura koren ƙyalle a wuya, suna ɗaga kwalayen da ke cewa jikin mace nata ne. A haguna mutum ashirin da shida sun durƙusa a kan ciyawa riƙe da hotunan jarirai, suna addu'a da ƙarfi don kada ihun waɗancan ya danne su. Tsakaninsu igiya ce da masu gadi biyu, sai ni da ɗan littafina.

Wannan ce zanga-zanga ta huɗu da na ɗauko wa Ƙararrawa, jaridar ɗaliban Kwalejin Brandle, tun da jiharmu ta kafa dokar hana zubar da ciki. Aikin ya riga ya zauna mini a hannu. Editanmu Odell Fancher, ɗan ajin ƙarshe, ya gindaya mana ƙa'ida: layi goma ga waɗannan, layi goma ga waɗancan, hoto ɗaya-ɗaya, girmansu guda. Har da rula yake aunawa. Kullum maganarsa ita ce mu ba 'yan kowa ba ne.

Yesenia Robledo, jagorar masu koren ƙyalle, ta hango ni ta sauke lasifikarta.

"Ga sarauniyar ƙidaya ta iso! Marnie, yau mu nawa ne? Ki haɗa da karena, shi ma da zuciya ɗaya ya fito."

"Ba ni magana guda mai daɗin bugawa in wuce," na ce.

"Ɗauki ta makon jiya ki juya ta. Wa zai lura?"

Ina dariya wayar ta sake kaɗawa, karo na huɗu ke nan. Na duba, Mama ce. A wurin Mama kiran ɗaliba lokacin karatu kusan zunubi ne. Na toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Marnie, fayar Corinne ta fashe."

"Mama, ai cikin wata huɗu ne da 'yan kwanaki."

"Na iya lissafi. Muna asibiti."

"Wane ɗaki?"

Ta sassauta murya.

"Ba a ciki muke ba. Muna waje, cikin mota."

* * *

Corinne yayata ce, ta girme ni da shekara bakwai. Ita ta koya mini ɗaura igiyar takalmi, ita ce kuma ta rufa mini asiri ranar da na goga motar Mama a jikin shinge. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar take kaɗa fiyano ranar Lahadi a cocin garinmu Tarver, sauran ranakun mako kuma tana koyar da ƙananan yara a makarantar renon da ke bayan cocin. Mijinta Boyd Lassiter gyaran layin lantarki yake yi. Shekara shida suka yi suna jiran wannan cikin. Ranar da aka tabbatar musu, Boyd ya tsayar da motarsa a bakin titi ya kira duk wanda ke da lamba a wayarsa, har mai gyara masa taya.

Ƙarfe biyu ta gota na same su a can ƙarshen filin ajiye motoci na asibitin gunduma, ƙarƙashin wata bishiya da ganyenta ya gama zuba. Tun tara na safe suke wurin. Corinne tana kujerar gaba, an shimfiɗa mata tawul, ta lulluɓa da rigar sanyin Mama. Mama tana riƙe da sitiyari da hannu biyu kamar mai tuƙi, alhali motar a kashe take.

Mama ce ta yi mini bayani, ba ta kalle ni ba. Likita ta duba ta ce ruwan ya tsiyaye duka, jaririn ba zai rayu ba ko me za a yi. Amma zuciyarsa tana bugawa. Lauyoyin asibiti sun ce muddin tana bugawa ba za a taɓa cikin ba, sai in ran uwar ya shiga haɗari a fili. Aka ce su koma gida, in zazzaɓi ya yi tsanani su dawo.

"To me kuke yi a nan?"

"Gida da nisa," in ji Corinne. "Na ce mu jira zazzaɓin a kusa."

Ta ciro ma'aunin zafin jiki daga baki, ta duba, ta ajiye a cinya. Bai kai ba. Na shiga baya na zauna. Mutane suna ta wucewa da furanni da balan-balan, wani tsoho yana tura matarsa a keken marasa lafiya. Can na lura da hannuwan Corinne. Ta ɗora su a kan allon gaban motar, yatsunta suna tafiya a hankali, suna danna maɓallan da babu su. Waƙar da za ta kaɗa ranar Lahadi take bita, ita kanta ba ta san tana yi ba.

Ƙarfe uku Boyd ya iso da kayan aiki a jikinsa. Ya shiga ciki ya yi magiya, ya yi faɗa, masu gadi suka rako shi waje. Ya kai Corinne gida.

A rana ta uku zazzaɓin ya zo, ya kuma zo da abin da ya fi ƙarfin kowa. Ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki. Kafin su isa asibiti ƙwayoyin cuta sun shiga jininta. Wannan karon babu wanda ya nemi lauya, da gudu aka tura ta ɗakin tiyata. Aka ceci ranta, amma sai da aka cire mata mahaifa. Jaririn namiji ne. Suka sa masa suna Hollis, aka binne shi kusa da kabarin Babanmu a cikin akwatin da Boyd ya ɗauka da hannu ɗaya.

Mako uku matan coci suna sallama da kwanuka: gasasshiyar kaza, burodin masara, wake da nama, har firji ya ƙi rufuwa. Fasto ya zo ya yi addu'a ya yi hawaye. A bakin kowa ɓari ne Corinne ta yi, nufin Ubangiji ne, Allah ya ba ta haƙuri. Babu wanda ya tambayi abin da ya faru tsakanin ranar farko da ta uku.

* * *

A watan Janairu na je gida hutun ƙarshen mako, na tarar da ita a ɗakin girki tana feraye dankali. Ta rame, zoben aurenta yana yawo a yatsa. A kan tebur akwai tsohuwar Ƙararrawa, a buɗe daidai shafin da sunana yake.

"Arba'in da ɗaya, ashirin da shida," ta ce. "Ranar da nake cikin mota ke nan, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Da kin ƙaraso da littafinki, a wane ɓangare za ki ƙirga ni?"

Na san ita da Mama sun bi gida-gida a Tarver suna tattara sa hannun masu goyon bayan dokar nan. Na san kuma abin da na gani a filin asibiti.

Ta ajiye wuƙar.

"Akwai abin da ban faɗa wa Boyd ba. Mama kaɗai ta ji, don tana ɗakin. Na roƙi likitar nan, Marnie. Na sauko daga gado na kama rigarta. Ina jin bugun zuciyarsa a na'ura, ɗana da na yi shekara shida ina roƙon Allah, na ce ta taimake ni ta cire shi. Na san ba zai rayu ba, ita ma ta sani. Na ce kada ta bari ya ruɓe a cikina in bi shi. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi ki da yawa ba. Ta kalli ƙofa, ta kalle ni, ta ce in yi haƙuri, in ta yi gidan yari za ta tafi."

Hawaye bai zo mata ba. Ta ɗauki wani dankalin ta juya shi a hannu.

"Matan nan sun kawo mini abinci suna cewa na yi ƙoƙari, na riƙe shi har ƙarshe. Ni kuwa ba riƙe shi na yi ba, ƙi aka yi. Kullum in na zauna gaban fiyano sai in ji kamar ƙarya nake kaɗa musu." Ta ɗago. "Ki rubuta. Akwai wata can da za ta zauna a filin nan gobe, gara ta san ba ita kaɗai ba ce. Amma ban da sunana, ban da duk abin da zai nuna ni. Kin ji? Ke in kin gama karatu tafiya za ki yi. Ni a Tarver zan tsufa."

Na yi mata alkawari, har na ɗaga hannu kamar a kotu, ta yi ɗan murmushi ta ce in sauke in kama aikin dankali.

* * *

Mako biyu na yi ina rubutu. Na sa mata suna Ruth, na ce daga wani ƙaramin gari take, na cire aikin Boyd, na cire sunan jariri. Da na gama na kira ta na karanta mata daga farko har ƙarshe. Ta gyara mini abu ɗaya, ta ce tawul ɗin shuɗi ne ba fari ba. Sannan ta ce, "Haka ne. Buga."

Ofishin jaridarmu ɗaki ne a ƙarƙashin ɗakin karatu, babu taga, kullum warin tsohon gahawa. Ranar Laraba da rana Odell ya zauna da rubutun, ƙafafunsa a kan tebur. Da ya kai tsakiya ya sauke ƙafafun.

"Ina ɗaya ɓangaren?"

"Ɗaya ɓangaren wa? In je in ji ta bakin zazzaɓin?"

"Kada ki raina mini hankali, Marnie Tolbert. Asibitin."

Na nuna masa saƙo uku da na aika musu da amsarsu guda, cewa ba sa magana a kan marasa lafiya. Ya yarda a saka haka. Ya sake karantawa, ya sosa ƙeya.

"Abu ne mai nauyi, ba mu taɓa buga irinsa ba. Amma ban gan ta ba. Wata mata ce kawai a cikin wata mota. Kin goge ta har ta ɓace. Ba ni abu ɗaya da zai sa in san mutum ce mai rai."

Na koma kujerata. Ban daɗe ina tunani ba, don abin yana raina tun ranar farko. Na rubuta cewa Ruth ce mai kaɗa fiyano a cocinsu, kuma a awa ta shida, tana jiran jikinta ya yi zafin da doka za ta gamsu da shi, yatsunta suna bitar waƙar Lahadi a kan allon mota. Layi huɗu ne. Ban taɓa rubuta abin da ya kai su kyau ba, kuma a daidai lokacin na san babu mutum ɗaya a Tarver da zai karanta su bai gane ta ba. Na ce wa raina wa ke karanta jaridar ɗalibai a Tarver. Kwafi dubu biyu muke bugawa, rabinsu a kwandon shara suke ƙarewa.

Odell ya karanta ya buga tebur.

"Ga labarin nan! Ta ga wannan?"

"Ta gani," na ce.

* * *

Ranar Alhamis da yamma aka kawo jaridar, muka zuba ta a akwatunan da ke ƙofar kowane gini. Da safiyar Juma'a akwatunan duk babu komai a ciki. Da farko mun yi murna, mun zaci wawaso aka yi. Sai wata mai ɗaukar mana hoto ta leƙa bayan ɗakin cin abinci, ta ga ɗaurin jaridunmu a cikin babbar bolar makaranta, igiyar wasu ma ba a kwance ba.

Ƙarshen makon nan ne iyaye da 'yan kwamitin amintattun kwaleji suke kawo ziyara, kuma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin babba ne a asibitin da na rubuta. Ni da Odell muka je wurin Mista Whitlock, shugaban sashen harkokin ɗalibai. Ya tarbe mu da fara'a, ya turo mana kwanon alewa.

"Babu wanda ya hana ku komai. Share harabar makaranta ake yi saboda baƙi, wataƙila ma'aikata sun yi kuskure."

"Yallaɓai, takardun tallan wasan ƙwallo suna nan ba a taɓa su ba," in ji Odell.

"Za a bincika." Ya juyo gare ni, muryarsa ta yi laushi. "Marnie, ke yarinya ce mai basira. Irin wannan batu ya fi ƙarfin jaridar ɗalibai. Ku tsaya kan abin da ke faruwa a cikin makaranta. In sun fito da kwalayensu ku ɗauki hoto, babu mai hana ku."

Da muka fito muka sauka ofis kai tsaye. Odell, mutumin da ke auna adalci da rula, ya zauna gaban kwamfuta. Ya ɗora hoton bolar a intanet tare da labarin gaba ɗaya.

Kafin Litinin mutanen da suka karanta shi sun ninka yawan mutanen gundumarmu. Wayar ofis ta ƙi yin shiru. Manyan jaridu daga biranen da ban taɓa zuwa ba suna neman mu. Suka tambaye ni wa ya ba da umarnin kwashewa, ko na ji tsoro, me 'yancin jarida yake nufi a wurina. Wani mai ɗaukar hoto ya tsayar da ni kusa da akwatin da babu komai ya ce in naɗe hannu in ɓata rai. Labarin ya koma na jaruman ɗalibai da mugun shugaba. Babu wanda ya tambaye ni ya jikin Ruth. Ba zan ɓoye ba, daɗin abin ya shige ni. Na adana kowane hoto.

Ranar Talata Yesenia ta fito da mutanen da ba ta taɓa tara irinsu ba. A kan kwalayensu an rubuta kalmomin yayata da jan fenti: NA ROƘE SU. A hayin igiya kuma wani ya ɗaga nasa: KU YI WA RUTH ADDU'AR TUBA. Yesenia ta ja ni gefe, idonta jawur.

"Ki haɗa ni da ita. Minti biyar kawai a kan dandamali. Fuskarta ta fi kwali dubu."

"Ba za ta zo ba."

"Kin tambaye ta? Marnie, ƙanwar mahaifiyata haka ta mutu, babu wanda ya rubuta ko layi. Muna buƙatar matar nan."

Na yarda da gaskiyarta, na kuma ce a'a. Sai da na juya na tuna cewa tun ranar Juma'a ban kira Corinne ba, ita ma ba ta kira ni ba.

* * *

Ranar Asabar na tafi Tarver. Mama tana bayan gidanmu tana shanya. Na gaishe ta, ta ci gaba da kakkaɓe zanen gado.

"Faɗa mini, 'yar jarida. A gundumar nan mata nawa ne suke kaɗa fiyano ranar Lahadi kuma suka rasa ciki a watan Oktoba?"

"Mama..."

"Tambayar ki na yi."

"Ɗaya."

"Ɗaya." Ta maƙala abin shanya da ƙarfi. "Ranar Talata Fasto ya zo da dattawa biyu. Da ladabi suka zo, har da furanni. Sun ce ta huta da kiɗa tukuna, ta samu lokacin neman fuskar Ubangiji. Ranar Laraba shugabar makarantar reno ta kira, wai wasu iyaye hankalinsu bai kwanta ba. Boyd kuwa a wurin aiki ya ji, a kan sandar lantarki, daga bakin wani. Abin da matarsa ta ɓoye masa don kada ta ƙara masa ciwo, wani ƙato ya karanto masa daga waya."

Na ce gaskiya na rubuta. Na ce mutane suna bukatar su sani. Ina jin yadda maganar take fita daga bakina irin ta hirar da na yi ta yi duk mako.

Mama ta juyo. Ban taɓa ganin tsufa a fuskarta kamar ranar ba.

"Gaskiya za ki koya mini? Awa guda kika yi a motar nan, ni shida na yi. Da ƙafata na bi gida-gida da takardar dokar nan, sa hannuna ne na farko a kai. Ina zaune ina kallon 'yata tana jira ta kusa mutuwa kafin a taɓa ta, ina tuna kowace ƙofa da na ƙwanƙwasa. Har yau ban san me zan ce wa Allah ba, ban kuma san me zan ce mata ba. Wata huɗu ina ɗauke da wannan. Ke kuma kin shigo kin samu abin rubutawa."

Ta ɗauki kwandonta ta shige ciki.

Na samu Corinne a gidanta tana zaune a matakalar ƙofa, da kofin shayi mai ƙanƙara da ba ta sha ba. Motar Boyd ba ta nan. Ta matsa ta ba ni wuri.

"Ba ki karanta mini wancan na fiyano ba," ta ce.

"Daga baya na ƙara."

"Na sani. Na yi ta karantawa. Ashe haka hannuna yake yi?" Ta kalli titi. "Ya yi kyau. Duk labarin babu inda ya kai shi kyau. Shi ya sa kika kasa bari."

Na fashe da kuka, na ce ta yafe mini. Ba ta rungume ni ba, ba ta kuma ture ni ba. Ta jira har na gama.

"Babu ƙarya a ciki, kuma ban yi nadamar faɗa ba. Wataƙila wata rana da kaina zan miƙe a gabansu in faɗa. Amma ni ya kamata in zaɓi ranar, Marnie. A asibiti wasu suka zaɓa mini. Ban zaci ke ma za ki yi ba."

Na ce mata wasiƙu sun zo ofis, da yawa, daga mata har da ma'aikatan jinya, duk sunan Ruth ne a kai. Wata ta ce ita ma a mota ta jira.

"Ajiye mini su. Ba yanzu ba."

"Boyd fa?"

"Yana wurin ƙaninsa tun shekaranjiya. Ya ce ba fushin roƙon da na yi yake ba, fushinsa shi ne duniya ta riga shi ji. Zai dawo." Ta juya kofin a hannu. "Ina jin zai dawo. Gobe Lahadi, za ki raka ni coci."

"Corinne, ba dole ba ne ki je."

"A can aka yi mini baftisma, a can aka ɗaura mini aure. Ina zan je? Ki zo da riga mai mutunci, ba wannan wandon naki ba."

* * *

Mun shiga an fara waƙar farko. Wata baiwar Allah ce a kan fiyano, tana ta tuntuɓe, jama'a suna jan waƙar suna jiran ta. Muka zauna a benci na biyun ƙarshe. Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya, suka koma. Babu wanda ya harare mu. Wasu ma sun yi ɗan murmushi irin na gaisuwar makoki.

Mama tana layi na uku, inda take zama tun kafin a haife ni. Da aka gama waƙar ta miƙe, ta ɗauki jakarta da Littafi Mai Tsarki, ta bi tsakiyar coci a gaban kowa, takalminta yana ƙara a kan katako, ta zo ta zauna a ɗaya gefen Corinne. Ta buɗe Littafi ta ƙura masa ido.

Fasto bai ambaci kowa ba a wa'azinsa. Ya yi magana a kan gafara, ya daɗe a kai. Sannan lokacin gaisuwa ya yi, ya ce kowa ya juya ya ba maƙwabcinsa hannu da salamar Ubangiji. Coci ta cika da motsi da dariya ƙasa-ƙasa.

A bencin gabanmu Verna Stroud ce, wadda Corinne ta koya wa tagwayenta baƙaƙe, wadda sau uku ta kawo mana abinci lokacin jinya, har ta zauna ta taje wa Corinne kai a gadon asibiti. Ta juyo da fara'arta, hannunta a miƙe, ba ta san wa ke bayanta ba. Corinne ta miƙe ta miƙa nata.

"Salamar Ubangiji, Verna."

Na ga fuskar matar ta yi ja har wuya. Ba ƙiyayya na gani ba. Ta saci kallon mijinta, ta saci kallon matar Fasto a can gaba. Sai hannunta ya sauka cikin jaka, ta duƙar da kai tana lalube, tana ɗaga makulli da hankici tana mayarwa, kamar abin da take nema ba zai iya jira ba.

Hannun Corinne ya tsaya a sarari tsakanin benci biyu. Kewaye da mu ana ta tafawa ana rungumar juna.

A hankali yayata ta juyo da hannun wajena, ta kama wuyan rigata ta miƙar da shi, ta shafe shi da tafinta sau biyu.

"Ya lanƙwashe," ta ce.

Muka zauna.